KWANA BIYAR A TSIBIRIN ZANZIBAR

"Malam, ku dubi ƙafafun Baba!"

Malamar lissafinmu ce ta faɗi haka sa'ad da jirgin ƙasa ya sauke mu a tashar Darussalam ta ƙasar Tanzaniya. Muka duba. Ƙafafun dattijon sun kumbura suntum, takalminsa ya ƙi shiga, yana riƙe da shi a hannu. Shi kuwa sai murmushi yake yi, yana cewa ba kome. Amma mun san da kome, gama tun a hanya ya daina ba mu labarai, alhali kuwa duk makarantarmu ba wanda ya kai shi hira.

Mu huɗu ne. Akwai Baba, watau shugaban makarantarmu, mai koyar da tarihi, wanda ya ba shekara 60 baya. Akwai malamar lissafi da maigidanta, wanda muka naɗa ma'ajin tafiya. Sai mai rubuta muku wannan labari. Mun je wani taron malamai ne a Lusaka, babban birnin Zambiya, a cikin dogon hutun watan Agusta. Da aka tashi taro muka ce, tun da mun zo nan, bari mu bi ƙasa har Nairobi ta Kenya, mu hau jirgin sama daga can, domin mu ga da idonmu abin da muke koya wa yara a darasin labarin ƙasa.

HANYAR DA MUKA BIYO

Da fari mun yi kudu a mota zuwa garin Livingstone, wajen kilomita 480, muka ga inda kogin Zambezi yake zubowa daga kan dutse. Mutanen wurin suna kiransa Mosi-oa-Tunya, watau hayaƙi mai tsawa. Muka komo Lusaka, muka ƙara kamar kilomita 200 zuwa Kapiri Mposhi. A nan ne layin dogon da ake kira TAZARA ya fara. Tsawonsa kilomita 1,860. An gina shi tsakanin 1970 da 1975 da rance da ma'aikata daga ƙasar Sin, a zamanin Shugaba Kenneth Kaunda na Zambiya da Shugaba Julius Nyerere na Tanzaniya. Dalili kuwa, Zambiya ba ta da bakin teku, hanyar da take fitar da tagullarta ta kudu ce, tana hannun gwamnatin Turawa tsiraru ta Rodeshiya. Kwana biyu muka yi a cikin wannan jirgi, muka ƙetare iyaka a Tunduma, muka wuce Mbeya da duwatsunta, muka gangaro zuwa bakin teku.

In aka haɗa dukan tafiyar har Nairobi, ta kusa kilomita 4,000. Mai karatu ya kwatanta da zuwa Legas daga Kano har sau huɗu.

Tafiyar ƙasa tana da daɗi a kwanakin fari. Daga baya sai ta fara cin mutum a hankali. Barci ba ya isa, abinci sai wanda aka samu a tasha, ruwan wanka sai an dace. Kowace safiya a ɗaure kaya, kowane dare a kwance. Sa'an nan sai zuciya ta gajarce. Mu da muka shekara goma muna aiki tare ba a taɓa jin kanmu ba, sai ga mu muna musu a kan kuɗin shayi. Har ma'aji da uwargidansa suka yini guda ba su yi wa juna magana ba saboda wata jaka da aka manta a cikin wata mota.

SHAWARAR MA'AIKACIYAR JINYA

Shirin ma'aji shi ne mu kwana ɗaya a Darussalam, da asuba mu kama motar Arusha. Sauran kwana takwas jirginmu ya tashi daga Nairobi, yana so mu cika su da ganin wurare. Amma muka fara kai Baba wani ƙaramin asibiti.

Ma'aikaciyar jinya ta duba shi sarai, ta matsa ƙafafun, ta auna jininsa. Ta bayyana mana cewa idan mutum ya daɗe a zaune, jini yakan taru a ƙafafu, domin motsin naman sha-raɓa ne yake taimakon tura shi sama zuwa zuciya. Zaman da ya wuce awa huɗu ba motsi yana iya sa jini ya daskare a cikin jijiya, musamman ga masu shekaru. In gudan jinin ya ɓalle ya tafi huhu, rai ma yana iya salwanta. Ta ce ba ta ga alamar haka a jikin Baba ba, amma kada ya sāke zaman yini guda a mota sai ya huta kwanaki, yana ɗan tattaki, yana shan ruwa da yawa, yana ɗaga ƙafafu in ya kwanta.

Baba ya ce, "'Yata, ai ni ban saba da zaman banza ba."

Ta ce, "Baba, wannan zama magani ne."

A masaukinmu muka tarar da waɗansu matafiya, yawancinsu Turawa, waɗanda suke ratsa Afirka daga Alkahira ta Masar har ƙarshen Afirka ta Kudu. Hanya ce ta wajen kilomita 10,000, takan ci watanni. Babbar mota suke shiga mai kama da gingimari, an sa mata kujeru da tagogi, da wurin ajiye tantuna da tukwane. Direbansu, wani mutumin Kenya, ya ji damuwarmu. Ya ce su al'adarsu ce in sun iso nan su ajiye motar su ƙetare zuwa Zanzibar kwana uku ko huɗu. Muka tambaye shi me ya hana su hutawa a nan cikin birni. Ya ce, muddin mutum yana ganin mota da hanya, zuciyarsa ba za ta bar shi ya zauna ba. A tsibiri kuwa hanya ta ƙare, duk inda ka nufa sai ka iske ruwa.

Ma'aji ya buɗe littafinsa ya yi lissafi, ya ɓata fuska, ya sāke yi. Daga bisani ya ce in mun yafe yawon Arusha da na Nairobi, kuɗin zai kai.

ƘETARE RUWA

Zanzibar sunan tarin tsibirai ne a tekun Indiya. Manyansu biyu, Unguja da Pemba. Unguja ne baƙi suke nufi in sun ce Zanzibar. Tsawonsa wajen kilomita 85, faɗinsa bai kai 40 ba. Ƙidayar 2022 ta sami mutum kusan miliyan 1.9 a tsibiran duka.

Jirgin ruwa mai gudu yakan yi kamar awa biyu daga Darussalam. A watan Agusta iskar kudu tana kaɗawa, ruwa yana tashi yana faɗuwa, har ukunmu muka yi ta fama da tashin zuciya. Baba kaɗai ya zauna daram yana kallon taga. Ga wanda ya girma inda babban ruwansa tafki ne ko kogi, ganin ruwa gaba da baya, dama da hagu, ba ƙaramin abu ba ne.

Wannan ruwa ba na wasa ba ne kuwa. A watan Satumba na 2011 wani jirgi da aka cika wa mutane da kaya fiye da kima ya nutse tsakanin Unguja da Pemba, mutane masu yawan gaske suka hallaka. A watan Yuli na 2012 wani kuma ya kife a kan hanyarsa daga Darussalam. Saboda haka muka sayi tikiti a ofishin jirgi, muka ƙi na masu tare mutane a bakin hanya, muka kuma duba inda aka ajiye rigunan ceto tun kafin a tashi.

Da muka sauka sai aka ce mu fito da fasfo da katin rigakafin shawara. Muka yi mamaki, gama ba mu bar Tanzaniya ba. Ashe Zanzibar tana da nata shugaba da majalisa. Ta sami mulkin kai daga Ingila ran 10 ga Disamba 1963. Ran 12 ga Janairu 1964 aka yi juyin mulki, aka kori Sarkin da yake zuriyar Larabawan Oman, mutane da yawa suka rasa rayukansu. Ran 26 ga Afrilu na shekarar nan Abeid Karume da Nyerere suka haɗa Zanzibar da Tanganyika. Daga farkon sunayen biyu aka ƙago sunan Tanzaniya.

TSOHON GARI

Mun kwana a tsohon garin, wanda suke kira Mji Mkongwe. An gina gidajensa da dutsen murjani da farar ƙasa, benaye ne masu hawa biyu ko uku. Lungunansa sun yi ƙunci har mota ba ta shiga yawancinsu, sai keke da babur. Wanda ya san lungunan cikin birnin Kano ko Zariya ba zai ji baƙunci ƙwarai ba. Ƙofofin gidajen na katako ne masu nauyi, an sassaƙa musu zāne, waɗansu da ƙusoshin tagulla. A shekara ta 2000 hukumar UNESCO ta sa garin cikin wuraren tarihi na duniya.

Abin da ya fi ba mu sha'awa shi ne harshensu, Suwahili. Kunnenmu ya yi ta tsintar kalmomin gida. Suna cewa habari, mu labari. Suna cewa sabuni, kalamu, dunia, hatari, baraka, mu kuwa sabulu, alƙalami, duniya, haɗari, albarka. Alhamisi da Ijumaa ba su bukatar fassara. Duka daga Larabci suka fito. Namu sun biyo ayarin raƙuma ta hamada, nasu sun biyo jiragen ruwa. Kalmar da muka fi ji ita ce pole pole, watau sannu sannu. Suna kuma da karin magana mai cewa gaggawa ba ta da albarka, 'yar'uwar tamu mai cewa sauri ya haifi nawa.

Ƙidayar lokacinsu ta so ta ruɗe mu. Mai masauki ya ce za a ba da karin kumallo "saa mbili". Ma'aji ya duba ɗan littafinsa ya ga mbili biyu ne, ya ce shi ba ya cin abinci ƙarfe biyu na dare. Mai masauki ya yi dariya har da hawaye. Tsibirin yana kusa da tsakiyar duniya, inda rana take fitowa wajen ƙarfe shida kusan duk shekara, saboda haka daga fitowarta suke fara ƙirga. Ƙarfe bakwai namu shi ne ɗaya nasu, takwas shi ne biyu. Masu karanta Linjila sun san irin wannan ƙidaya, inda sa'a ta uku take nufin ƙarfe tara na safe.

Da almuru muka je lambun Forodhani a bakin teku, inda masu abinci suke kafa tebura da fitilu. Muka ci gasasshen kifi, muka sha ruwan rake da aka matse tare da citta da lemun tsami. Daren nan ne na fari cikin mako biyu da muka kwanta ba mu ɗaure kaya ba.

MAJAMI'A A KAN KASUWAR BAYI

Kashegari da safe muka taka a hankali, saboda ƙafafun Baba, zuwa babbar majami'ar Angalikan da ke unguwar Mkunazini. Wanda ya zo hutu a Zanzibar ya kamata ya fara zuwa nan, domin ya san irin ƙasar da yake takawa.

Wajen 1840 Sarkin Oman, Sayyid Sa'id, ya maido fadarsa daga Maskat zuwa wannan tsibiri. Arzikinsa ya dogara ga abu uku, hauren giwa, kanumfari, da bayi. Ana kamo mutane daga can cikin ƙasa, wajen tafkin Tanganyika da tafkin Malawi da gabashin Kwango, a koro su da ƙafa watanni, waɗansu ɗauke da haure, har bakin teku. Waɗanda suka rayu a ƙetaro da su nan. A sa waɗansu aikin gonakin kanumfari, a sayar da sauran zuwa ƙasashen ƙetare. A 1873 Sarki Bargash ya sa hannu a yarjejeniya da Ingila, aka rufe kasuwar. Bautar kanta ba a soke ta a shari'a ba sai 1897.

A filin kasuwar ne aka aza harsashin majami'ar ranar Kirsimati ta 1873. Edward Steere, wanda ya zama bishop, shi ya tsaya a kan ginin, shi ne kuma ya yi aikin juya Sabon Alkawari zuwa Suwahili. Ya rasu a 1882, kabarinsa yana bayan bagade. An ce bagaden yana daidai inda ake ɗaure bayi ana yi musu bulala. A waje akwai rami da siffofin mutum biyar a tsaye, an haɗa wuyansu da sarƙa.

A cikin majami'ar aka nuna mana wani ɗan gicciye na itace. An yi shi da itacen da aka binne zuciyar Dauda Livingstone a gindinsa, a ƙauyen Chitambo cikin ƙasar da take Zambiya yau. Can ya rasu a watan Mayu na 1873. Abokan tafiyarsa 'yan Afirka, da Susi da Chuma a kan gaba, suka busar da gawarsa, suka ɗauko ta a kafaɗa fiye da kilomita 1,500, har suka iso Bagamoyo a bakin teku a watan Fabrairu na 1874. Daga nan aka ƙetaro da ita Zanzibar, aka wuce da ita Ingila.

Muka tsaya shiru. Tafiyar da muka yi kwana biyu a zaune muna gunaguni, irinta ce waɗannan mutane suka yi wata tara da ƙafa. Waɗanda aka koro cikin sarƙa kuma, ba mai tambayarsu ko sun gaji.

INDA TEKU YAKE TAFIYA YA KOMO

Da rana muka shiga ƙaramar motar haya da suke kira daladala zuwa Jambiani, wani ƙauyen masunta a gabashin tsibirin. Muka ratsa dajin Jozani, inda ake samun wani irin jan biri da babu shi ko'ina a duniya sai Zanzibar. Muka sauka a wani ɗan gidan baƙi mai rufin ganyen kwakwa, na wata dattijuwa. Rairayin bakin ruwan fari ne fat, laushinsa kamar garin alkama.

Za mu faɗi gaskiya, ranar fari hutun bai yiwu ba. Jiki yana kwance a inuwar kwakwa, zuciya tana tasha. Ma'aji ya ƙirga kuɗi sau uku. Malama ta wanke kayan da ba su yi datti ba. Mai rubutun nan ya yi ta duban agogo, ba kuwa inda za shi. Sai muka gane ashe hutu ma koyonsa ake yi.

Teku ne ya koya mana. Da safe muka fito, muka tarar ruwan da muka bari a bakin gida ya tafi. Ya janye fiye da kilomita guda, ya bar fili fetal da 'yan kududdufai, jiragen masunta suna kwance a kan rairayi. Bayan 'yan sa'o'i ya komo. Wata ne yake jan ruwan teku, rana tana taimakonsa. Sau biyu yake cikowa, sau biyu yake janyewa cikin yini da dare, kowace rana kuma yana makara da wajen minti 50. Lokacin tsayuwar wata da lokacin da ya cika, ja yakan fi ƙarfi, bambancin cikowa da janyewa ya kai wajen mita huɗu. Mun dace da irin wannan lokaci.

A Jambiani ba mai gardama da ruwa. Masunci ba ya fita sai ya ciko. Mai son wanka sai ya jira. Da muka ga duk gari yana jira ba mai jin kunya, sai mu ma jira ya daina damunmu. Muka yi barcin rana. Muka sha ruwan ɗanyar kwakwa. Safe da yamma muka riƙa raka Baba tattaki a kan rairayi ba takalmi. Ma'aji da uwargidansa suka tafi tsintar bawon katantanwar teku domin 'ya'yansu, muka hango su daga nesa suna dariya.

MATAN CIKIN RUWA

Da muka natsu, sai idonmu ya fara ganin abin da ke gabanmu. In ruwa ya janye, mata sukan fito da yawa, su shiga har gwiwa ko su zauna a ciki, suna aiki a tsakanin waɗansu turaku da aka kafa layi layi. Gonaki ne. Suna noman wata ciyawar teku da suke kira mwani. An fara nomanta domin sayarwa a 1989, da irin da aka kawo daga ƙasar Filifin, a wannan ƙauye da maƙwabcinsa Paje. Ana ɗaura 'yan rassa a jikin igiya, a miƙa igiyar tsakanin turaku biyu. Bayan kamar mako shida a girbe, a ɗauko a ka, a shanya ta bushe, a sayar wa 'yan kasuwa da awon kilo. A ƙasashen waje ake fitar da wani abu mai kauri daga cikinta, wanda ake sa wa man goge haƙori da waɗansu abinci da magunguna.

Mai masaukinmu ta yi wannan aiki shekaru da yawa. Ɗanta ya yi mana tafinta. Ta ce da kuɗin mwani ta yi rufin ɗakinta, ta sa 'ya'yanta a makaranta. Ta kuma nuna mana hannuwanta da gishiri ya cinye. Ta ce ciwon baya da ciwon ido ba sa rabuwa da mai wannan sana'a, ga ƙayar wata halittar ruwa mai kama da bushiya. Ruwan bakin gaɓa yana ƙara ɗumi, irin ciyawar da ta fi tsada tana ruɓewa a cikinsa. Kilo ɗaya busasshe kuwa bai kai kuɗin kwalbar lemo ɗaya a manyan otal na baƙi ba.

Malama ta tambaye ta, "Mama, ku yaushe kuke hutawa?"

Ta nuna teku da haɓa, ta ce, "In ya komo."

Maganar ta zauna mana a rai. Wurin da muka zo miƙe ƙafa, gonar waɗansu ce. Tun daga ranar muka bar ratsa tsakanin turakun, muka bar ɗaukar hoto sai da izini, muka kuma sayi sabulun da matan ƙauyen suke yi da ciyawar, ba mu nemi ragi ba.

BABA YA KOMA BA DA LABARI

A dare na uku a ƙauyen, muna zaune a waje, wani jirgin katako ya wuce, iska ta cika babban ƙyallensa mai kusurwa uku. Sai muka ji Baba ya yi gyaran murya.

Ya ce, "Kun san abin da ya gina garin can da muka baro? Jira ne."

Ya bayyana mana cewa iska biyu ce take mulkin wannan teku. Daga wajen Disamba zuwa Maris tana busowa daga arewa maso gabas, sunanta kaskazi. Ita take kawo jirage daga Oman da Farisa da Indiya, ɗauke da dabino da tufafi da duwatsun ado. Daga wajen Afrilu sai ta juya ta riƙa busowa daga kudu, sunanta kusi, ita take maida su gida. Wanda ya iso da kaskazi ba shi da ikon komawa sai iska ta juya, kome gaggawarsa. Cikin watannin jira sai ya gyara jirginsa, ya yi ciniki, ya koyi harshe, wani ma ya yi aure. Haka aka yi ɗaruruwan shekaru. Ya ce fataken ƙasarmu ma sun san wannan. Ayarin da yake zuwa Gwanja sayen goro yana da zango, madugun da ya ƙi yada zango kuwa jakunansa ne za su fara gaya masa.

Ya yi ta magana har wajen ƙarfe goma. Ba wanda ya katse shi. Malama ta sunkuyo ta ce a hankali, "Malam, Baba ya warke."

GA MAI NIYYAR ZUWA

Kusan dukan mutanen Zanzibar Musulmi ne, masu kunya da son baƙi. Kayan wanka na bakin ruwa ne kaɗai. A cikin gari mace ta rufe kafaɗa da gwiwa, namiji ya sa riga. In watan azumi ne, kada a ci abinci a bainar jama'a da rana. Gaisuwa tana gaba da kowace tambaya, kamar dai a gida.

Ruwan sama mai yawa yana sauka daga Maris zuwa Mayu. Daga Yuni zuwa Oktoba akwai sanyi sanyi da ƙarancin ruwa. A kwana cikin gidan sauro. A sa takalmin roba in za a shiga inda ruwa ya janye, a kuma tambayi mutanen gari lokacin komowarsa, gama yana iya tare mutum daga nesa. Tun watan Oktoba na 2024 gwamnatin tsibirin ta wajabta wa baƙi daga ƙasashen waje sayen inshorar tafiya, wadda aka fara da dala 44 ga mutum ɗaya. A sa wannan cikin lissafi tun daga gida.

KOMAWA HANYA

A rana ta biyar, kan hanyarmu ta zuwa tashar jirgi, muka tsaya a wata gonar kayan ƙanshi. Muka ga itacen kirfa da ake ɓare wa ɓawo, da masoro yana hawan itace kamar wake. Muka ga kanumfari, wanda suke kira karafuu. Ashe tohon fure ne, ana tsinke shi kafin ya buɗe, a shanya a tabarma har ya yi baƙi. Yawancinsa daga Pemba yake fitowa. Mun shekara da shekaru muna jin ƙanshinsa a yaji da kunu da shayi, ba mu taɓa tambayar uwar da ta haife shi ba.

Sauran tafiyar, wajen kilomita 900 ta Arusha zuwa Nairobi, mun raba ta kwana biyu. Duk inda mota ta tsaya muka sauka muka taka. Ba mu ga rabin wuraren da ma'aji ya rubuta a littafinsa ba, shi da kansa kuwa ya ce bai yi da-na-sani ba.

'Yan'uwa masu karatu, ba kowa ne zai je Zanzibar ba, amma kusan kowane gida yana da matafiyi. Akwai direban da yake kwana yana tuƙi domin ya riga wani lodi. Akwai uwar da take ɗaukar yara daga Legas zuwa gida lokacin biki, ba tsayawa sai shan mai. Akwai tsohon da ake sa wa a kujerar baya awa goma sha biyar, ba ya ƙorafi domin kada a ce ya dami mutane. In kuna shirin doguwar tafiya, ku sa ranar hutu cikin lissafi tun da fari, ku ware mata kuɗinta kamar yadda kuke ware kuɗin mota. Ku riƙa duban ƙafafun tsofaffinku, ku kuma lura da wanda ya yi shiru. In kun sauka a garin mutane, ku tuna masu gari suna bakin aikinsu.

Da za mu shiga jirgin sama a Nairobi, Baba ya sa takalminsa ya ɗaure igiya, ya ɗaga ƙafa ya nuna mana. Kanumfarin da muka sayo kuwa, har yanzu akwai saura a ofishinsa. Da shi yake fara darasin tarihin gabashin Afirka, yakan miƙa wa kowane yaro ƙwaya ɗaya ya sansana tukuna.